Shekarar da Na Buɗe Akwatin Hotuna a Anacha

Na ba ku labarin gidanmu na Zariya, na ba ku na yadda aka kawo ni Anacha ina amarya a gaban motar albasa, kuma duk ban sha wuyar rubuta su ba. Wannan ne nake ta kewayewa. Amma ƙarfi yana raguwa, ciwon suga ya kama ƙafafuna, kuma na lura kowannenku ya riƙe wani guntu na labarin ɗan'uwanku Idi yana ganin shi ne duka. Kai Babba, ɗan farina da ba na kama sunanka, kana da naka. Ke Bilki kina da naki, ko da yake ba kya faɗa. Jikokina kuwa ba su ma san an yi wani Idi a gidan nan ba. To ga abin da ya faru, yadda na gan shi da idona.

Kafin aure na yi kwalejin horon malamai mata, a can na ɗauki fannin zane. Hannuna bai taɓa yin kyau ba, tarihin abin ne ya kama ni: wa ya yi shi, da me ya yi, don wa ya yi. Malamarmu ta sa mana ɗabi'ar yanke hotuna daga tsofaffin kalandu da mujallu, har na cika wani ƙaramin akwatin ƙarfe da su. Da na zo Anacha ban sami wanda ke neman irin wannan ilimi a wurina ba. Babanku, Malam Garba, dillalin albasa ne a kasuwar bakin gada, kafin gari ya waye ya fita. Akwatin ya shige ƙarƙashin gado, ni kuma na shiga haihuwa da reno da tuwon sayarwa ga 'yan dako, har na manta da shi.

Sai aka shiga zamanin da aka hana kowa fita ranar Litinin. Ku kun gani, amma zan faɗa don yaran. Duk Litinin ba kasuwa, ba makaranta, ba okada, ba mota, wanda ya fita kuma sai dai a bi shi da addu'a. Bakin gada, inda ko maganar na kusa da kai ba ka ji saboda ƙarar manyan motoci, ranar sai ka ji kukan tsuntsu daga bakin kogi. Mu baƙi tsoronmu ya fi na kowa. Babanku da Babba sukan zauna a tsakar gidan hayar da muke, rediyo a tsakaninsu, an rage masa murya. Idi yana da shekara goma sha shida, Bilki sha biyu, suna ɗaki ɗaya suna ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata Litinin da hantsi aka yi harbi daga wajen Upper Iweka, ba nisa sosai. Bilki ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Da ta fito daga baya, sai ga ta tana jan akwatin.

Don in ɗauke hankalinta kawai na buɗe shi. Na baza tabarma na zazzage takardun, sun yi ja, gara ta ci gefen wasu. Hoton da hannuna ya fara faɗawa a kai shi ne na shanun da mutanen dā suka zana a jikin dutse a Birnin Kudu. Na ce su matso.

"Kada wanda ya ce mini yana da kyau ko ba shi da kyau," na ce musu. "Abin da idonku ya gani kawai za ku faɗa."

Bilki ta ce ja, ta ce ƙaho, ta ce ƙafafu kamar tsinke. Idi ya daɗe yana kallo, har na ɗauka ba zai yi magana ba.

"B-ba su da tozo," in ji shi.

Abin da malamarmu ta yi ta jan mu zuwa gare shi ke nan sai da muka gaji, cewa shanun nan sun riga irin namu masu tozo zuwa ƙasar. Na dube shi. Kun san yadda Idi yake a lokacin. Yaro ne mai in'ina, a makaranta ana ajiye shi a bencin baya, a Islamiyya yana ɓoye fuska idan an zo biya karatu. A gida ma mun saba da amsa masa magana kafin ya ƙarasa ta, don mu rage masa wahala. Ranar ban katse shi ba. Na tura masa hoto na biyu.

Haka Litinin ta zama ranar darasi. Da an karya kumallo sai a share tsakar ɗaki a jawo akwati. Na bi da su yadda aka bi da ni: daga zanen dutse zuwa kawunan yumɓu na Nok masu hudadden ido, daga nan zuwa kawunan tagulla na Ife masu siraran zane a fuska, sai ƙofofin katako da ake sassaƙawa a Awka, sai tukunyar tagullar nan ta Igbo-Ukwu da aka naɗe da igiya, igiyar ma tagulla ce. Da na gaya musu garin da aka tono ta bai kai nisan da motar albasa ke yi kafin direba ya nemi shayi ba, Bilki ta riƙe baki. A nan aka haife su, ba wanda ya taɓa gaya musu. Abin da babu hotonsa sai mu nemo shi a ɗaki: ƙwaryar da na zo da ita daga gida, allon zayyanar Babba na saukar Alƙur'ani, zanen bangon gidan kakanku da nake kwatanta musu da yatsa a ƙasa. Ranar da na fito da kawunan Nok, Bilki ta ja da baya, ta tambaya da Turancin kasuwa ko kayan tsafi ne.

"Umma, na juju be this?"

Babanku ya ji ta daga waje. Ya leƙo, ya dubi tabarmar, ya dube ni.

"Hajara, gumaka ne fa, a ɗakin da muke salla."

"Malam, takarda ce. Ba bauta nake koya musu ba, hannun mutanen dā muke kallo."

Ya shafa gemu.

"To in lokacin salla ya yi a kife su."

Haka muka riƙa yi. Da an kira azahar Bilki ce ke bi tana kifewa.

Maƙwabciyarmu ta ɗakin da ke kallon namu, Maman Ifeoma, mai sayar da garin rogo, ta fara turo 'yarta don ta ga yaran sun daina kuka in an yi harbi. Daga baya ita ma ta riƙa zuwa ta zauna a bakin ƙofa tana tsinke ganyen miya. Wata rana ta kama hannun Bilki ta zana mata wasu layuka masu lanƙwasa da bakin tsinke da ruwan gawayi, ta ce sunansa uli, haka kakarta ke yi wa mata a jiki da bangon ɗaki, yanzu ba mai yi. Na ɗauko ƙwaryata muka jera su muna duba inda suka yi kama da inda suka rabu. Ban taɓa jin daɗin zaman Anacha kamar na waɗancan ranakun ba, ga shi kuwa ranakun tsoro ne. Wannan ma yana cikin abin da ba na iya faɗa wa kowa.

Idi bai tsaya a kallo ba. Ya fara da bayan kwalin madara, ya koma buhun siminti, daga nan sai bango. Wata Litinin na fitar da tsohuwar babbar rigar babanku don in nuna musu aikin aska takwas. Washegari muka tarar ya zana aikin gaba ɗaya da gawayi a bangon bayan ƙofa, kowane ɗinki a wurinsa. Babanku ya dawo daga kasuwa da warin albasa a jikinsa, ya tsaya a gaban bangon bai ko cire hula ba. Na ɗauka faɗa zai yi saboda mai gidan da muke haya.

"Aska takwas ake ce mata," ya ce. "Bakwai na gani."

"Ɗ-ɗayar ta cinye, Baba. Abin da na gani na zana."

Babanku ya ɗauko rigar ya ɗaga ta a hasken ƙofa. Wanki ya cinye ta takwas ɗin, sai ramukan allura. Ya yi dariya har da tari, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya hana a goge bangon.

Yanzu na zo wurin da nake so ka karanta a hankali, Babba. Maman Ifeoma ce ta kawo maganar ƙaninta, Oga Chike, mai shagon zane a unguwar Asata ta Inugu, yana rubuta allunan shaguna yana ƙawata bangon otal-otal da makarantu. Ta nuna masa hoton bangonmu a waya, ya ce a turo masa yaron. Kai ka ƙi. Ka ce hanya ba lafiya, ka ce ga rumfa tana neman hannu, ka ce ɗan Bahaushe ba shi da abin yi a shagon fenti a garin da ba mu da kowa. Ba ka yi ƙarya ba, kuma ban taɓa cewa ka yi ba. Ni ina so ya tafi, ban ɓoye ba, don na ga yaron da aka ajiye a bencin baya ya sami abin da ya fi kowa iyawa. Amma ba ni na yanke ba. Ka girma da tunanin cewa na matsa wa babanku har ya gaji ya bari, ba haka aka yi ba. Ya je ya tambayi limamin masallacinmu, liman ya ce sana'a ce kamar kowace, yaro dai ya kiyaye salla ya guji sassaƙa abin bauta. Babanku ya kira wani ɗan garinsu mai sayar da tumatir kusa da kasuwar Ogbete a can Inugu, mutumin ya amince Idi ya riƙa kwana a wurinsa. Sai da ya gama duk wannan sannan ya same ni ina tankaɗe.

"Na yanke, zai tafi," ya ce. "Ni albasa na gada, ita na iya. Shi Allah ya ba shi wani abu, ba zan binne shi a cikin buhu ba."

Shi ya riƙe masa jaka har tashar Upper Iweka, shi ya zaɓa masa mota. Kai kana rumfa ranar, ka ƙi zuwa rakiya.

Watannin da suka biyo baya Idi yakan kira duk Juma'a bayan masallaci. In'inar ba ta tafi ba, amma ya daina tsoronta, yana magana har sai katin ya ƙare. Ya koyi haɗa fenti, ya koyi hawa tsani da goga a baki, Oga Chike ya fara barinsa ya gama allo shi kaɗai. Mu kuma a gida darasin ya ci gaba da Bilki da Ifeoma, sai dai ya rage armashi, don babu mai yin dogon shirun nan kafin ya faɗi abin da ba wanda ya lura da shi. Sai wata Juma'a ya kira yana ta ɗoki. Ogansa ya kai shi gidan adana kayan tarihi.

"Umma, hoto ƙ-ƙarya yake yi mana. Abubuwan nan suna da baya. Na zagaya na gani. Wata ƙofa ma an bar sawun gizago a bayanta, ba a goge ba."

Ya ce ya zana bayansu duka a manyan takardu don in gani, tunda ni gabansu kawai na sani. Ya ce zai zo gida, kuma Litinin mai zuwa shi zai koyar, ni in zauna a tabarma tare da su Bilki. Ga abin da na ce masa, Allah ne shaidata, Bilki ma tana wurin:

"In za ka zo ka zo Asabar. In ba ka samu ba ka bari sai Talata. Darasi ba ya gudu."

Ya ce suna da aikin da za su miƙa ranar Lahadi da rana, da sun miƙa zai hau mota, kafin magariba yana gida. Ban kira shi ba, Babba. Na san ka gaya wa matarka cewa ni na kira shi ya zo, ita kuma ta gaya wa wasu. Ban kira shi ba. Amma na yi murna da zai zo, na jiƙa wake don in yi masa alale, wannan kam na yi.

Ranar Lahadi da magariba ya kira wayar babanku. Motarsu ta lalace bayan sun wuce Awka, an tura ta wani gidan mai, makanike ya ce sai da safe. Direba ya ce da asuba zai tashi ya shigo da su kafin a tare hanya. Ina jin babanku yana cewa kada ya hau, ya zauna a gidan man har Talata ko da a ƙasa zai kwana. Idi ya ce masu gidan man sun ce za su kulle su tafi, ba za su bar kowa ba, kuma shi kaɗai ne Bahaushe a motar, gara ya bi mutane. Babanku ya ce to Allah ya tsare. Ya miƙo mini wayar, kafin in kai ta kunne ta yanke.

Da gari ya waye wayar Idi a kashe take. Litinin ce. Ɗanmu yana wani wuri a kan hanyar da mota ke cinyewa kafin shayi ya huce, mu kuma muna zaune, ba mai iya taka ƙofar gida. Ban san yadda zan kwatanta muku wannan yinin ba. Babanku yana zuwa bakin ƙofa yana dawowa. Kai ka sa takalmi ka ce ko a ƙafa za ka tafi, ya riƙe maka riga.

"Zauna. Jiran mutum ɗaya ya ishe ni."

Maman Ifeoma ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, tana ta danna lambar ƙaninta. Waken da na jiƙa ya yi tsami a roba. Garin shiru, tsuntsayen nan na bakin kogi suna ta kukansu kamar kullum.

Ranar Talata kuka tafi, kai da babanku, Oga Chike kuma ya taso daga Inugu kuka haɗu. Kun tarar da motar a gefen titi, ƙonanniya. An ce wasu masu bindiga ne suka tare ta da sassafe, fasinjoji suka watse cikin daji. Wasu sun fito daga baya, wasu an same su a asibiti, biyu an same su a ɗakin ajiye gawa, ba shi a ciki. Wata mata da ke motar ta ce ta ga wani yaro dogo da naɗaɗɗun takardu a hammata ya yi cikin rogo da gudu, ba ta sake ganinsa ba. Iyakar abin da muka samu ke nan, har yau. An je wurin 'yan sanda, an bi asibitoci, an bi ƙauyukan da ke gefen hanyar. Oga Chike ya rufe shagonsa yana yawo da hoton Idi yana tambaya da yarensu inda mu ba za mu iya shiga ba, sai da babanku da kansa ya roƙe shi ya koma bakin aikinsa. Oga Chike ya zo gidanmu ya durƙusa a tsakar gida yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ka tsallake shi ka wuce.

A ranar ne ka faɗi maganar. Ba ni ka fuskanta ba, buta kake cikawa a bakin famfo, amma ka san ina ji.

"Da an bar shi yana auna albasa, da yanzu yana nan."

Maganar nan tana bukatar amsa. Ni kuwa har yanzu ba ni da ita. Na yi ta juya abin a raina shekara da shekaru: da Bilki ba ta jawo akwatin ba, da na mayar da shi ban buɗe ba, da yana nan a rumfa yana in'ina ana amsa masa magana kafin ya gama. Da yana raye. Wani lokaci nakan ce wa kaina ai ya yi 'yan watanni yana jin shi ma mutum ne, amma wannan magana ba ta taɓa kai ni ko'ina ba. Uwa ba ta musayar ɗanta da 'yan watanni.

Gidan ya mutu a tsaye. Bilki ta daina yi wa Ifeoma magana, ta daina jin yarensu da ta tashi da shi a baki, yarinyar da ba ta yi mata laifin komai ba. Maman Ifeoma ta kasa haɗa ido da ni, kafin shekara ta zagayo ta kwashe kayanta ta bar gidan. Liman ya zo ya ce ko za a yi masa sallar gawa daga nesa don zukata su huta, babanku ya ce ba zai sallaci yaron da bai ga gawarsa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin gada sai ya bar ciniki ya je ya duba masu sauka. Hawan jini ya kama shi, ya rame, ya daina sauraron rediyo. Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu, ina shafa masa man zafi a ƙafa, ya ce:

"Hajara, ba ke ba ce. Ni na kai shi tasha."

Na ce ya faɗa a gabanku. Ya ce zai faɗa in ya ji sauƙi. Bai ji ba.

Da ka ɗauko ni zuwa nan Fatakwal bayan na fita takaba, na bar akwatin inda yake a ƙarƙashin gado, ba wanda ya tambaye ni shi. Na ji an ce mai gidan ya shafe bangon da farin fenti kafin sababbin 'yan haya su shiga. Ba na kukan wannan. Abin da ke cina shi ne in na idar da salla na ɗaga hannu, ban san wace addu'a zan yi masa ba, ta matafiyi ko ta mamaci. In na yi ta mamaci sai in ji kamar na kashe shi da bakina. In na yi ta matafiyi sai in ji tsoron yana can kwance shekaru ba wanda ya nema masa gafara. Sai in yi duka biyun, in shafa, in ji ban yi ko ɗaya ba.

Ba ka taɓa rage ni da komai ba, Babba. Maganina ba ya yankewa, ba ka fita ba ka gaishe ni ba. Amma kwanan baya 'yarka Nana ta dawo daga makaranta da aikin gida, an ce ta zana kifi ta shafa masa launi. Ta zo ɗakina ta hau gadona, ta ce wutsiyar ta gagare ta, ta cusa mini fensirin kala a hannu. Rabona da riƙe irinsa tun Anacha. Ban zana komai ba, ina dai riƙe da shi ina duban takardar, sai ga ka ka shigo daga kasuwa. Ka durƙusa kamar yadda ka saba. Ka miƙo hannu ka zare fensirin daga yatsuna a hankali, yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro, ka ce wa Nana ta je wurin mamanta ta taya ta. Sai da ta fita ka ɗago.

"Umma, barka da yamma. Yaya ƙafar?"

Na ce da sauƙi.